Ɓeraye Ashirin da Huɗu a Ɗakin Hatsi

Ɓeraye ashirin da huɗu, allurar kwana talatin, da karatun shekara huɗu na yarinya ɗaya. Abin da aka shigo mini da shi gida ke nan a wata damina mai wuya, cikin keji huɗu da aka lulluɓe da tsohon zani, ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina yaƙi da ɓera.

Bana ma ruwa ya ɗauke bayan shuka. Jiya na leƙa gonar bayan gida, na tarar gero ya naɗe ganye, ƙasa ta yi fari, iska tana busowa da zafi. Ina tsaye a nan sai waccan shekarar ta dawo mini, har da warinta.

Ni mai awo ce a Batsari. Da tiya goma ta gero na fara, ina aunawa a tsakar gida, har na kai ina aikawa Wagini da Babban Duhu a sayo mini buhu-buhu da kaka, in ajiye, in fitar da damina. Ina kuma turke tumaki. Allah bai ba ni haihuwa ba. Aurena na fari a kan haka ya mutu. Na biyu kuwa, da Malam Idi mai makarantar allo a zaurenmu, bai taɓa tayar mini da maganar ba. Habiba 'yar ƙanena ce, tana da shekara uku aka ba ni ita. Ni na yi mata kitso, ni na kai ta makaranta, ni na sayar da raguna ta tafi jami'a.

A shekararta ta ƙarshe malamansu suka shiga yajin aiki, aka rufe makaranta. Wata ranar Alhamis, kasuwa tana ci, sai ga ta a bayan a-kori-kura, ta rungume kejin nan kamar mai ɗauke da ƙwai.

Na ce, "Zabbi kika kawo mini?"

Ta ɗaga zanin. Farare tas, idanu jajaye, jela tsirara.

Malam ya leƙo daga zaure, ya dube su, ya dube ni, ya ce, "Asabe, yau abokan gabarki sun zo da farar riga neman sulhu."

Ban yi dariya ba. Na ce ta faɗa mini gaskiyar magana, a taƙaice. Ta ce aikin kammala karatunta ne. Dukansu mata ne, 'yan yaye. Sha biyu za a riƙa yi musu allurar wani sinadari irin wanda ya fi yawa a jikin namiji, an narka shi a man riɗi. Sauran sha biyun kuma man riɗi zalla, don a samu abin gwadawa. Bayan kwana talatin a buɗe cikinsu a ga yadda gidan ƙwai ya koma. Ba a iya jiran a janye yajin aiki, don in suka girma sun wuce amfani, ga ɗakin dabbobin makaranta ba ruwa ba mai kula. Malaminta ya ce ta tafi da su, amma kowane ɓangare kada ya gaza goma. In ya gaza, sai wata shekara, in an samu wasu ɓerayen.

Na ce, "Wata shekara da kuɗin wa?"

Ta sunkuyar da kai. Na tashi na share ɗakin hatsi, don shi ne mai sanyi, na tura buhunan gefe guda. Kyanwata, wadda ta shekara shida tana yi mini gadi ba albashi, na sa aka kai ta Wagini gidan ƙanena a cikin buhu, tana zagina har aka sha kwana.

A lokacin ruwa ya yi kwana goma sha da ɗaukewa. Wasu sun yi shuka sau biyu, iri ya ƙare. Da hantsi kwanon rufi yake fara ƙara don zafi. Rijiyar unguwa ta yi ƙasa, guga biyu sai a jira ta tara. Mata suna fita bayan gari tsinkar tafasa, a dafa, a kwaɗa da ɗan ƙuli-ƙuli in akwai, in babu da gishiri kawai. Gidaje da yawa sau ɗaya ake ɗora tukunya. Masu zuwa awo wurina da tiya suka koma rabin tiya, daga nan suka koma gwangwani. Dusar da nake ba tumaki, mutane suka fara tambayar kuɗinta, kowa ya ce wai akuyarsa zai ba, ni kuma na san ba akuyar.

Yanzu akwai famfo a bakin masallaci, akwai waya a hannun kowa. A da babu. Amma a da mace takan hau jaki daga Wagini bayan la'asar ita kaɗai ba wanda ya damu, abin da yanzu ba a yi.

Aikinmu ya zama iri ɗaya kullum. Bayan sallar asuba, in gari ya yi haske, Habiba ta shimfiɗa tabarma, ta fito da ɗan sikelinta da littafi. Ni in kamo ɓera ta ƙeya, yadda ta koya mini, ta auna, ta rubuta, ta ɗaga fatar baya ta soka allura. Ranar farko tsigar jikina ta tashi. Rana ta uku ina kama su ina hira. Sai a sauya musu ƙaiƙayin da muke shimfiɗa musu, a zuba ruwa, a auna abinci. Da rana ta take, in jiƙa buhunan algarara in rufe kejin, Malam kuma yana fifita da maficin kaba yana bitar karatunsa.

Yakan ce, "Shekara ashirin da aure ban taɓa samun fifita ba, ga ɓera ya samu a kwana uku."

In ce, "Kai ma in za ka yarda da allura kullum, sai a yi maka."

Duk da haka zafi ya kashe mana ɗaya a rana ta tara, daga cikin masu man riɗi. Habiba ta yi kuka kamar an yi mata rasuwa. Saura sha ɗaya a wannan ɓangaren.

Abincin kaji da ta zo da shi bai kai sati biyu ba. Na haɗa musu nawa: barzajjen masara, dusa, garin ƙuli-ƙuli, ɗan busasshen kifi. Tiya guda takan kai su sati. Na so in ƙara wa ramammu, don idona bai iya ganin dabba ta rame, Habiba ta riƙe mini hannu ta ce kowa daidai, in ba haka ba ba za a san ko allura ce ta sa ƙiba ko Goggo ce ba.

Maƙwabciyata Tabawa, mai 'ya'ya bakwai, ta shigo wata rana ta tarar ina daka musu kifi. Ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Asabe, kifi? Ɓera? Rabona da in ga kifi a miya tun ƙaramar salla. Ko in sa wa yarana farar riga in kawo miki su?"

Da wasa ta faɗa. Amma tana da gaskiya. Daga ranar, duk tiyar da na auna wa ɓera sai na auna irinta in miƙa ta katanga. Ba don alheri na yi ba, don in iya barci ne.

Habiba tana shaida su da tawada, shuɗin zane a jela, ɗaya, biyu, uku. Tawadar ba ta daɗewa, suna lashewa, sai an sake. Tun farko na ce mata lalle ya fi, haka nake shaida tumakina in za a kai kasuwa.

Ta yi dariya ta ce, "Goggo, wannan kimiyya ce, ba kasuwar Batsari ba."

Zafi ya busar da alƙalamin tawadar. Rana ta goma sha takwas, bayan an gama allura, ta hau mashin zuwa Safana ta sayo wani, ta kuma ga wani ma'aikacin asibiti, Malam Nura mai duba jini, ko zai bari ta yi amfani da madubinsa mai nuna abin da ido bai iya gani. Kafin ta fita ta sake jaddada mini abin da take faɗa kullum: ko me zai faru, kada na kejin dama, masu sinadari, su haɗu da na hagu, masu man riɗi zalla.

Ranar ce aka fita roƙon ruwa karo na uku. Bayan azahar gabas ta yi baƙi. Iska ta fara da sanyi, ta kawo ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, mata suka fara guɗa ta katanga. Kafin in kwashe shanya sai na ji wata ƙara, na waiga na ga kwanon ɗakin hatsi ya ɗaga sama, ya kifa a gidan Tabawa. Ruwa ya sauko kamar ana juye randa.

Na shiga ɗakin a guje. Buhunan gero uku a gefe suna shan ruwa, keji huɗu a ƙasa ruwa yana malala cikinsu, ɓerayen suna hawa kan juna. Ban tsaya tunani ba. Hannuna ya yi abin da ya saba yi in ruwa ya tarar da 'yan tsaki: a tattara su wuri ɗaya a rufe. Akwai babban duro na zuba wake, wanda wuyar shekara ta bar shi wayam. Na buɗe keji na juye, na buɗe na juye, har huɗu. Malam ya taya ni muka mirgina shi zaure.

Sai da na zauna ina haki, na ɗaga murfin, na ga farare ashirin da uku sun cure wuri ɗaya, jelar kowa fes, sannan na gane abin da na yi.

Habiba ta iso dab da magariba, jiƙe sharkaf, da sabon alƙalami a hannu. Gari duk murna, yara suna tsalle a kwata. Na tare ta a zaure na faɗa mata, ban yi kwana-kwana ba.

Ta leƙa duron. Ta daɗe. Ta ce, "Goggo, da kin bar su ruwa ya ci, da na san mutuwa suka yi." Ta shige ɗaki. Ranar ba ta ci tuwo ba, ni ma haka.

Da safe na ɗauko tabarma da kaina, na jiƙa lalle, na kira ta.

Na ce, "Zauna. Kwana goma sha takwas ina kama 'yan nan da hannuna. Ke lamba kika sani, ni su na sani."

"Goggo, duk iri ɗaya ne."

"A wurinki. Tumaki ma iri ɗaya ne a wurin wanda bai taɓa saye ba."

Na sa hannu na kamo ta farko. "Wannan Hajiya ce, ba ta motsi sai an kawo abinci, kejin dama na bakin ƙofa. Wannan Mai Tsagar Kunne, hagu. Wannan ita ke cizona kullum, dama. Wannan mai karkatacciyar jela, hagu, ita ke kwana a kan kwanon ruwa." Ina faɗa, tana aunawa a sikeli, tana duba nauyin jiya a littafi. Da farko tana yi ne don kada ta saɓa mini. Da muka kai ta bakwai na ga ta gyara zama.

Muka ware sha ɗaya dama, goma hagu. Saura biyu a duro. Na juya su, na shafa, na duba haƙori, na sake juyawa. Na san ɗaya ta dama ce ɗaya ta hagu, amma kamar tagwaye suke, nauyinsu ma ɗaya.

Habiba ta ce, "Ki zaɓa kawai, Goggo. Ba wanda zai sani. In na samu sha ɗaya a hagu hankalina ya fi kwanciya."

Na ce, "Shekara nawa kina gidan nan, kin taɓa ganin na zuba tsohon wake a sabo na ce na bana ne? Waɗannan ashirin da ɗayan zan rantse a kansu. Biyun nan ban sani ba."

Malam, da yake zaune a bakin zaure, ya ce, "Bar su, Habiba. Abin da aka gina a kan ƙila, kullum sai kin riƙa waiwayensa."

Aka ware su gefe. Goma cif suka rage a hagu, ba rarar ko ɗaya. Na ɗebo lalle na shafa wa na dama a ka, na hagu a gadon baya, don kowa ya samu daidai, kada a ce lalle ne ya yi wani abu. Wannan karon ba ta yi dariya ba.

Amma ta ce malaminta ba zai karɓi idon Goggo a matsayin hujja ba, sai an tabbatar. Ta bayyana mini yadda za a yi. Ɓera mace tana da nata zagayen, kamar al'adar mata, sai dai nata kwana huɗu ne ko biyar. In aka ɗiga ruwan gishiri a gabanta aka ɗebo, aka shafa a gilashi, madubi yana nuna a wace rana take. Mai lafiya kullum hoton yana sauyawa. Wadda sinadarin ya kama kuwa takan tsaya wuri ɗaya, don ƙwan ya daina fita. In na yi kuskure ko a guda ɗaya, madubi zai tona.

Kwana biyar tana zuwa Safana da 'yan gilasai a cikin gwangwanin madara, ga fetur yana wuya, ga hanya ta yi laka. Ni kuma ina shanya jiƙaƙƙen gero a tabarmi, wanda ya fara tsiro ina raba wa unguwa a yi kunu. Gari ya sauya a 'yan kwanakin nan. Geron da aka fid da rai da shi ya miƙe, kwaɗi suka cika dare da kuka, maza suka bazama noma da yunwarsu. Kowace yamma ina tsaye a ƙofar gida kamar mai jiran sakamakon kotu.

Rana ta huɗu ta ce na dama duk suna tsaye, tara na hagu suna juyawa, amma Mai Tsagar Kunne ba ta motsa ba. Na ce ta hagu ce, ko a gaban alƙali. Rana ta biyar na hango ta tun daga nesa ta sauko daga mashin kafin ya tsaya.

"Goggo! Ta juya! Malam Nura ya ce a tambaye ki ko kina neman aiki!"

Da kwana talatin suka cika ta tafi da ashirin da ɗayan birni. Na san ba za su dawo ba. Ban raka su mota ba, na ce ina da aiki a ɗaki.

Bayan kaka, an koma makaranta, ta zo ta ce in shirya mu je Safana. Malam Nura ya gaishe ni har da russunawa, ya ba ni kujerarsa. Habiba ta sa wani ɗan gilashi mai ɗauke da yankin gidan ƙwan ɓera a madubin, ta ce in rufe ido ɗaya.

Na farko na hagu ne. Na ga abin da duk macen da ta taɓa gyara kaza ta sani: ƙwai jere, wani ƙanƙane, wani ya tasa, wani ya kusa, ga kuma gurbin waɗanda suka riga suka fita. Ta sauya gilashi. Na dama kuwa wasu 'yan jakunkuna ne zagaye, cike da ruwa, sun yi yawa, ba gurbin ko ɗaya da ya fita.

Ta ce, "Kin gani? Ƙwan yakan fara girma lafiya. Sinadarin nan in ya yi yawa sai ya tsayar da shi a rabin hanya. Bai nuna ba, bai fita ba, sai jakarsa ta tara ruwa ta zauna. Wani ya taso, shi ma ya tsaya. Haka har su taru."

Na ce, "Kamar geron bana kafin ruwa ya dawo."

"Kamar shi. Su allura muka yi musu. Mace kuwa ba mai yi mata allura, jikinta ne yake yin sinadarin fiye da kima. Sai al'ada ta riƙa yin wata uku ko huɗu ba ta zo ba, jiki ya yi nauyi, gashi ya fito a haɓa."

Hannuna yana kan haɓata, inda nake tsige gashi da asuba tun ina budurwa, a ɓoye, ina zaton ba wanda ya taɓa gani.

Ta ce, "Ɓera ba mutum ba ne, Goggo, kuma ni ba likita ba ce. Ban ce shi ne naki ba, sai an duba. Amma da aka jera mana abubuwan da za mu zaɓa, wannan na ɗauka."

An ce mini aljani ne ya aure ni. An ce asiri aka yi mini a gidan mijina na fari. Na sha rubutu, na sha saiwa, na yi hayaƙi, na ba da baƙin bunsuru har sau biyu. Ba wanda ya taɓa cewa abin yana da kamanni, har ana iya ganinsa da ido ɗaya a rufe. Lokacin na haura arba'in da biyar, maganar magani ta wuce. Na sake sa ido a madubin na daɗe ina kallo, don kada Malam Nura ya ga fuskata.

Da muka dawo na ba Malam labari. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To, ni dai ban ga abin da aka rage mini ba." Ya tashi ya tafi alwala.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Na rasa buhu uku na gero a shekarar da gero ya fi komai daraja. Tiya uku ta tafi cikin ɓera, uku ta haura katanga. Kwanon ɗaki sai da na sake sabo. Kyanwata ta ƙi dawowa, ta zama 'yar Wagini. Biyun da na kasa rantsewa a kansu suka zauna a kejinsu cikin ɗakin hatsina shekara biyu, suna cin masarata da izinina, Tabawa tana kawo baƙi su ga mai awon da ke kiwon ɓera.

A ɗaya gefen, Habiba ta fita a shekararta. Yau tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje, kuma mata huɗu na unguwar nan da na gani da irin alamuna na tura su asibiti da wuri, biyu suna goyo. A shafin farko na littafin aikinta akwai sunana, Malam ya karanta mini. Ta rubuta cewa ni na shaida dabbobin da lalle.

Na yi ciniki iri-iri a rayuwata, na ci riba na kuma faɗi. Wannan ne kaɗai na yi asarar buhu uku, kuma har yau ban ga wanda ya fi shi riba ba.